Ƙullin Waje a Gidan Alhaji Tukur

Tun da mutane suka fara dawowa ƙauyukanmu, duk saurayin da ya samu filaya da naɗin waya ya zama mai shinge. Ban ji haushinku ba, domin gidajen da suka rage a buɗe sun fi ƙarfin hannuna ni kaɗai. Abin da yake ba ni dariya shi ne yadda kuke faɗin sana'ar a baki: a haƙa rami, a kafa itace, a ja waya, a sallame ku. Jiya na bi ta bayan masallaci na ga shingen da ɗayanku ya yi, akuya ta jingina da shi tana susar jiki, ita da shi suka kwanta tare. To, ku zauna in gaya muku abin da na sani. Sunana Usaini, amma daga Makwar har Sinja ba wanda zai gane ni sai an ce Usaini mai darni, kuma a wannan aiki gemuna ya yi fari.

Mu ba magina ba ne, kada ku ruɗi kanku. Magini yana zuwa ne idan hankali ya kwanta, an tara bulo. Mu kuwa ana kiranmu ran da katanga ta faɗi, ko ran da mai gida ya ɗaure kaya zai yi nisa, mu rufe gidan kafin a ga yadda Allah zai yi. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafar jaki ta shige, da damina ta kumbura ta ture katanga. Saboda haka ramin nan da kuke haƙawa iyakar tafin hannu wasa ne. Dagi nake sawa, ba na barin rami sai hannuna ya shige har gwiwar hannu. Dirka ta bagaruwa ce, a babbake gindinta a wuta saboda gara. Igiya ta kaba ce, a jiƙa ta kafin a ɗaura, domin tana bushewa tana ƙara kamawa. Wanda ya ɗaura da busasshiyar igiya, iskar farko ta damina za ta kai masa zanarsa gidan maƙwabci.

Akwai wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Jidda shekarun baya, ruwa ya kayar masa da katangar gabas. Na je da zana da karan dawa, ya kalle su ya yamutsa fuska, ya ce shi ya wuce nan. Ya tafi kasuwar Sinnar ya sayo ragar waya mai sheƙi, aka kafa masa. Ɓarawo dai bai shiga ba. Amma duk wanda ya wuce zuwa bakin kogi sai ya san abin da aka ɗora a murhu, ya ga wanda ke kwance da wanda ke wanki. Matarsa ta ƙi fitowa tsakar gida, daga baya ta kwaso zannuwanta da barguna ta rataye a jikin wayar, gidan ya koma kamar shagon gwanjo. Da kansa ya zo ya same ni, yana sosa ƙeya. Shingen gidan da ya faɗi ba don ɓarawo kaɗai ake yin sa ba. Idon mai wucewa ake tarewa, domin mutanen da katanga ta faɗa musu sun riga sun sha kallo.

Wurin Baba Jabbi na koyi aikin, wani dogon tsoho mai saurin fushi, wanda adda ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ya daɗe bai bar ni na taɓa igiya ba, sai haƙa rami da ɗaukar kara. Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai gidan wata mata ce mai takaba, ruwa ya zubar da katangarta ta bakin hanya. Na tsaya a titi na yi aikina, na jera zana, na sa tanka, wato sandunan da ake gittawa su riƙe shingen, na yi mata ƙyauren zana a ƙofa, na ɗaure komai tsaf. Ina jiran yabo sai ga Baba Jabbi. Ya zagaya, ya tsaya a ƙofa, ya kama igiyar ƙyauren ya ɗaga ta kamar ya kama wutsiyar ɓera.

"Usaini, matag ga ta mutu?"

"A'a, Baba, tana ciki."

"Ta yi tahiya?"

"Tana takaba, Baba, ina za ta?"

"To don mi ka hwaɗa ma gari ba kowa cikin gidan? Kwance shi duka. Shiga ciki ka sake."

Har la'asar ina kwancewa ina sake ɗaurewa, yana zaune a inuwa yana shan shayin da aka kawo mini.

Ga abin da ya koya mini ranar, kuma na san yawancinku ba ku san shi ba. A ƙauyukanmu ƙulli magana yake yi. Idan gida ba kowa, a waje ake tsayawa a ɗaure, ƙullin ya kalli titi. Duk mai wucewa ya san masu gidan sun yi nisa, sai maƙwabta su sa ido, ba a sallama, ba a aika yaro, ba a leƙe. Idan kuwa akwai rai a ciki, ƙullin ciki yake kallo, musamman na ƙofa, domin shi ake fara dubawa. Kuma gidan da katangarsa ta faɗi aka ga ƙullinsa ta ciki, maƙwabta ke ci da shi. Kowane gida na kusa yakan aiko kwano, ba tambaya ba roƙo, har sai an tayar da katangar. Haka kakanninmu suka zo da abin, haka muka tarar.

A garinmu, kwanon da ke fara isa irin wannan gida daga wurin Alhaji Tukur yake fitowa. Gidansa shi ne na ƙarshe ta wajen tur'a, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki. Manomi ne babba, yana da gonakin auduga da na dawa, yana da tarakta, ɗakin ajiyarsa ba ya rabuwa da buhuna. Kullum da hantsi ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a jera kwanuka, shi kuma ya tsaya a bakin hanya yana tare masu wucewa. Direban mota ma bai tsira ba. Ni kaina ba zan iya tuna yawan cin da na yi a tabarmar nan ba. Jakin da na fara ɗaukar kara da shi ma shi ya ba ni, ya ce ya gaji da ganina da kaya a ka.

Shekarar da yaƙi ya iso mana, da rana tsaka muka fita, kowa da abin da hannunsa ya kai. Wasu suka yi Gadarif, wasu Damazin, wasu suka tsaya a ƙauyukan gabashin kogi. Masu bindiga suka zauna a garin yadda suka ga dama. Da muka fara dawowa, mun tarar an ɓalle ƙyamare da tagogi, an kwashe kwanon rufi, damina kuma ta zo ta ƙarasa abin da suka bari. Layi guda za ka bi ka ga cikin ɗakunan mutane kamar an buɗe akwati. Mu da muka dawo ba mu da yawa. Sauran suna nesa, suna ta aiko saƙo a waya a rufe musu gidajensu. Ban taɓa samun aiki kamar na lokacin ba, kuma ban taɓa jin nauyin aiki kamar na lokacin ba. Mutum ya ce mini sannu, kasuwa ta buɗe, sai in rasa inda zan sa fuskata. Duk inda na bi, ƙullin waje nake bari.

Aikin gidan Alhaji Tukur ɗansa Bashir ne ya ba ni, daga Saudiyya ya kira. Ya ce an gaya masa katangar gaba da ta gefen tur'a sun faɗi, tsohon kuma yana Damazin wurin 'yarsa, in je in rufe gidan. Na ɗora kaya a amalanke na tafi da hantsi. Tun da an ce ba kowa, ban yi sallama ba. Na tsallaka ɓaraguzan zaure, na ratsa tsakar gida ina auna tsawo da ƙafa, na leƙa ɗakin ajiya don in ga ko akwai sauran itacen da zai yi dirka.

Alhaji Tukur na gani a tsugune, daga shi sai ɗan zane a ƙugu, rigarsa a shanye a kan taga. Ya share ƙasar ɗakin ya tara, yana tsince ƙwayar dawa daga cikin turɓaya yana zubawa a gwangwani. Haƙarƙarinsa duk a waje. Bai ji shigowata ba.

Na sha ganin abubuwa a gidajen mutane, sana'ar ta gaji haka, amma kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba. Ji na yi kamar na buɗe wa mahaifina banɗaki. Na ja da baya a hankali har titi, na tsaya na ɗaga murya na yi sallama kamar yanzu na iso. Na daɗe a tsaye. Can sai ga shi ya fito da rigar a jikinsa, ba ta ma gama bushewa ba, ya ɗora hula.

"Wa alaikumus salam. Usaini na? Maraba, shigo."

Na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa. Na ce, "Baba Alhaji, an ce kana Damazin."

"Haka anka ce. Su na can kuma sun ɗauka ina Gadarif. Bar shi haka nan."

Bai yi dogon bayani ba. Ya ce a Gadarif a wata makaranta aka sauke su, ana rabon abinci a layi. Ran da ya ɗauki kwano ya shiga layin, sai ya tarar mai rabon ɗan wani mutum ne da ya daɗe yana yi masa tsinkar auduga. Yaron ya gan shi, ya ajiye ludayi, ya miƙe tsaye yana cewa a ba Alhaji hanya, duk layin ya juyo yana kallo. Ya ce tun daga ranar bai sake riƙe kwano ba. Ya samu mota ya dawo, ya shige gidansa ta baya. Ruwa da rana tsaka yake zuwa ɗiba a tur'a, lokacin da zafi ya kwantar da kowa.

Na gaya masa Bashir ne ya aiko ni. Ya gyaɗa kai, ya dubi zanar da ke amalanke.

"Yi aikinka. Amma ka ɗaure ta waje."

"Baba, in na ɗaure ta waje ba mai aiko maka ko ruwan sha."

"Shi nika so. Usaini, duk kwanon da za ya shigo gidan ga, na san abin da anka rage ma yara kahin a cika shi. Kuma ni na saba aikawa. Ban iya amsar kwanon wani. Ka yi mani alkawali ba ka hwaɗa ma kowa."

Mutumin da ya ba ni jaki, mutumin da na ci tuwonsa tun ban da gemu. Na yi masa alkawari.

Na fara haƙa ramuka. Rana ta ɗaga, lokacin da a ƙa'ida mai gida yake fito wa mai aiki da abinci, sai na ga yana kai da kawowa a tsakar gida kamar wanda ya ɓatar da wani abu. Daga ƙarshe ya zo da ruwa a moɗa, ya tsaya a kaina. Ya ce, "Mai aiki cikin gidana, ba ni da abin sa mai gaba. Ma'alesh, yi haƙuri, ɗana." Wannan ya fi yunwar damunsa, a fuskarsa na gani. Na karɓi ruwan na shanye.

Washegari na ce wa matata Hajara ta ƙara mini abinci, aikin yana da nauyi. Da na isa, na ajiye kwanon a kan guntuwar katangar madafa, na rufe da faifai, na wuce bakin aikina ban waiwaya ba. Da hantsi ya yi sai na ji murya.

"Usaini! Aje dagin nan, taho ka ci abinci."

Na zo na tarar ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya ajiye kwanon a tsakiya, ya kawo ruwan wanke hannu. Ya ce bismilla, yana tura mini ɓangaren da ya fi miya, yana cewa in ci, in ci, ban ci komai ba. Tuwon gidana ne, a kwanon gidana, amma shi ne mai gida ni ne baƙo. Na rinƙa cin kaɗan ina jan hira don ya samu ya ci. Daga shi har ni ba wanda ya taɓa ambaton inda kwanon ya fito. Hajara ma ba ta tambaye ni komai ba, sai dai na lura tuwon ya fara zuwa da laushi, irin wanda ake yi wa mai ƙarancin haƙori.

Matsalar ita ce aikin bai fi na kwana biyu zuwa uku ba. Ran da na gama, ba ni da sauran dalilin shiga gidan. Sai na fara abin da ban taɓa yi ba a sana'ata. In ɗaure da safe, in kwance da yamma. In kafa dirka, gobe in tumɓuke ta in ce ta karkace. Na ɗora wa gara laifi, na ɗora wa laka, na ɗora wa mai sayar da igiya. Kullum idan zan tafi, in ja ƙyauren zana in tsaya a titi, in tura bakin igiya ciki, shi ya zagayo da ita bayan dirka ya turo mini, in ɗaure ta waje. Da hannuna nake rufe shi, da hannunsa yake taimaka mini. Ta gefen tur'a na bar masa 'yar kafa da zai iya fita.

Gari kuwa ya samu abin magana. Wurin mai shayi aka fara cewa Usaini ya tsufa, shinge guda ya gagare shi. Wani ya ce ko zinariya nake haƙa a gidan Alhaji. Wasu da suka ba ni aiki suka karɓe suka ba ku. Bashir ya rinƙa aiko saƙon murya, tun yana cewa "Baba Usaini, ina labari?" har ya koma "In ba ka iyawa ka hwaɗa mani." Na haɗiye duka. Kuma gaskiya, a ƙasan raina ina jin wani ɗan daɗi, wai ni kaɗai ne a garin na san sirrin Alhaji, ni kaɗai ke riƙe da shi.

Amma ci ɗaya a yini, rabin kwano, ba ya riƙe tsoho. Rigar ta ƙara yi masa yawa. Akwai lokacin da dole ta sa na tafi Sinja sayen zana, mota ta lalace a hanya, na kwana biyu ban dawo ba. Na tarar da shi a kwance a gindin darbejiya, da ƙyar ya iya tashi ya shimfiɗa buhun. Duk da haka sai da ya ce in ci, ban ci komai ba. Na roƙe shi ya bar ni in juya ƙullin. Ya ce, "Ka yi alkawali." Na bar ƙullin yadda yake.

Kusan wata ana haka, sai Bashir ya aiko saƙo na ƙarshe. Ya ce ya yi magana da wasu samari, in ban gama ranar Alhamis ba za su zo da waya su ƙarasa. Ku ne samarin, wasunku suna zaune a nan. Na san idan kuka shiga gidan, kafin azahar labarin ya kai Sinnar. Na gaya wa Alhaji. Ya ce in gama.

Ranar Laraba na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗaure tanka, na datse bakin kara, na jera ƙaya ta ƙasa saboda awaki. Muka ci abinci ba hira. Da la'asar na kwashe kayana na ɗora a amalanke, na fito na ja ƙyauren. Ban san abin da zai ci gobe ba, kuma ban san abin da zan ce masa ba. Na tura bakin igiyar ciki kamar kullum, na miƙa hannu ina jira ya turo.

Igiyar ba ta dawo ba.

Ina jin numfashinsa ta bayan zana. Na ce, "Baba Alhaji?" Sai na ji an ja ɗayan bakin igiyar da ke hannuna, a hankali, har ya zame ya shige. Zanar ta yi ta motsi. Mutum ne da bai taɓa ɗaure shinge da hannunsa ba, ya daɗe yana fama da ƙullin ta ciki. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Tahi gida, Usaini. Ka gama."

Washegari da hantsi na ɗauki adda na nufi gidan, wai zan duba ko akwai gyara. Tun daga nesa na hango mata a ƙofar. Kwanuka a jere a gindin shingen, wasu da faifai, wasu an rufe su da ganye, har da na gidajen da na san su ma ci ɗaya suke yi. Kwanon gidana yana ciki, Hajara na tsaye a gefe ta ƙi kallona. Inna Kulu, tsohuwar da gidanta ke kallon na Alhaji, ita ta tare ni.

"Sannu da aiki, mai darni. Ka gama ke nan?"

"Inna, ashe kun gani."

"Mun gani? Kai ka ɗauka mu makahi na? Darbejiyag gidan kore shar, wa ka ba ta ruwa, aljanu? Ga sawun takalmi guda kullum zuwa tur'a. Tun kahin ka kawo amalankenka munka sani."

"To mi ya hana ku…"

"Ƙullinka. Gidan da anka ɗaure ta waje, da wace huska za a yi mai sallama? Kullum in zuba rabonai, in leƙo, in ga igiyarka tana kallona, in mayar cikin tukunya."

Na ce, "Shi ya ce in ɗaure, Inna."

"Na sani. Shi kunya ta hana shi, kuma ba mai ganin laihinai. Kai da ka zo ka zamna wurinmu ka yi shiru, ba sai ka hwaɗi komi ba, da mun samo dabara tun bai rame haka ba. Mu mata ba mu rasa hanyar kai tuwo."

Duk tsawon lokacin nan ina ganin ni ne na tsaya tsakaninsa da yunwa, ashe tsakaninsa da gari na tsaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Muna nan sai ƙyauren ya motsa. Aka daɗe ana kwance ƙullin, domin ya yi shi yadda bai kwantuwa da sauƙi. Alhaji Tukur ya fito da rigarsa a wanke, da hula, da tsohuwar tabarma a hammata. Matan suka sunkuyar da kai. Ya dube su, ya dubi kwanukan. Ya sunkuya ya ɗauki na Inna Kulu da hannu biyu, ya ce, "Allah shi saka, Kulu." Sannan ya shimfiɗa tabarmar a bakin hanya, daidai inda take zama a da, ya jera kwanukan a kai ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe, ya dafa dirka, ya hango wasu mutum biyu za su gona.

"Kai, ku taho! Bismilla! Ba mai wuce ƙohwag ga da yunwa."

Suka dubi juna, suka ajiye fartanya suka zo. Maza suka firfito daga gidaje suka zauna. Kowa ya san daga tukunyar da tuwon ya fito, kowa ya rinƙa gutsurar kaɗan yana tura kwanon wajensa, shi kuma yana faɗa wai ba mu ci komai ba. Ni ina can ƙarshen tabarma, na kasa ɗaga kai.

Bashir ya dawo bayan damina ya tayar da katangar, ya ba ni haƙuri, na ce ba shi ne mai ba da haƙuri ba. Zanar ma ni na kwance ta, na kai ta wani gidan.

Saboda haka ku sayi wayarku, ku ja ta yadda kuke so, ba zan hana ku ba. Amma ko wa ya ce muku gida ba kowa, ko ɗan mai gidan ne ya rantse, ku tsaya a titi ku yi sallama da ƙarfi, ku ba na ciki lokacin sa riga. Ni har yau idan na zo ƙullin ƙofa, ko da na zagaya gidan na ga ba kowa sai ƙadangaru, nakan tura bakin igiyar ciki, in sake ta, in ɗan jira.